Shin fim ɗin Loving ya yi wa tarihi kwaskwarima?

Nafi'u: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na kalli Loving, fim ɗin da Jeff Nichols ya yi a 2016, wanda Anti Bilki ta ishe mu da yabonsa. Ga wanda bai gani ba, labarin gaske ne na Richard Loving, Bature magini, da matarsa Mildred, baƙar fata mai jinin Indiyawan Amurka, mutanen ƙauyen Central Point a jihar Bajiniya. Dokar jiharsu ta hana su aure, sai suka tafi Washinton aka ɗaura a watan Yunin 1958, suka dawo gida. Bayan sati biyar 'yan sanda suka faɗa musu ɗaki. Shari'arsu ce ta sa Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin hana auren baƙar fata da farar fata a 1967. To ga ra'ayina, kuma duk mai ja ya fito: fim ɗin nan kwaskwarima ce. An ɗauki zamanin da ake dasa bam a coci, ake sakar wa masu zanga-zanga karnuka, an mai da shi labarin miji da mata masu zaman baranda. Awa biyu cur ban ga an mari kowa ba. Irin labarin da Bature zai kalla ya koma gida ya yi barcinsa lafiya aka zaɓa.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Nafi'u ƙanena, kai da ka saba da fim ɗin da sai an fasa mota uku kafin a gama rubuta sunayen 'yan wasa, ina za ka ji daɗin wannan? Ka ce ba a mari kowa ba. Tsakar dare, kana kwance da iyalinka, ka buɗe ido ka ga tocila a fuskarka. Yarinya 'yar shekara 18 da ciki. Takardar aurenku tana rataye a bango, ka nuna, a ce maka wannan ba ta aiki a nan. Shi mijin kwana ɗaya ya yi aka sake shi, ita aka bar ta kwanaki a ɗakin kurkuku, ya zo belinta aka kore shi tunda a idon hukuma ba mijinta ba ne, sai ubanta aka miƙa wa ita. In wannan ba mari ba ne, ka faɗa mini mene ne mari.

Nafi'u: Anti, ban ce ba a zalunce su ba. Na ce an zaɓi zalunci mai ladabi, wanda ido zai iya ɗauka.

Barista Aminu: Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani. Malam Nafi'u yana da gaskiya a abu ɗaya, fim ɗin ya yi wa shari'ar rowa. Ni da na zauna ina jiran muhawarar Kotun Ƙoli, 'yan mintuna aka ba ta, ana nuna lauyoyi sun buɗe baki sai a koma gida a nuna yara suna wasa. Amma a san irin dokar da ake magana a kanta. A 1924 Bajiniya ta yi dokar da ta kira ta tsare tsarkin jinsi. A cikinta, farar fata shi ne wanda ba shi da ko ɗigon jinin wani jinsi, kuma ba zai auri kowa ba sai irinsa. Abin dariyar, an bar ƙofa ɗaya: mai kashi ɗaya cikin 16 na jinin Indiyawan Amurka ko ƙasa da haka, Bature ne. Dalili? Manyan gidajen jihar suna alfahari da cewa su jikokin Pocahontas ne, 'yar wani sarkin Indiyawan Amurka da ta auri Bature, ba za su yi dokar da za ta kama su ba. Akwai kuma wani Walter Plecker, shugaban ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jihar, wanda ya shafe shekaru yana bin takardun mutane yana canja musu jinsi a rubuce. Ranar 6 ga Janairun 1959 su Loving suka amsa laifi gaban alƙali Leon Bazile. Ya yanke musu shekara ɗaya, ya jingine hukuncin bisa sharaɗin su bar jihar, kada su dawo tare sai bayan shekara 25. Wannan tashin hankali ne na takarda da hatimi, Malam Nafi'u. Ba ya zubar da jini a gaban kyamara.

Nafi'u: Yauwa Barista, ka kawo ni inda nake so. Me ya sa ya tsaya a takarda da hatimi? Saboda mijin Bature ne. A juya labarin, a ce baƙar fata ne ya ɗauko Baturiya ya kai ta ɗakinsa a jihohin kudu na ƙasar Amurka a 1958. Wa zai tsaya jiran alƙali? Shekara uku kacal kafin nan, a 1955, aka kashe Emmett Till a Misisifi, yaro ɗan shekara 14, don an ce ya yi wa wata Baturiya maganar da ba ta dace ba a kanti. Aka tsamo gawarsa daga kogi, waɗanda suka kashe shi kotu ta wanke su. Dokokin nan tun asali ba don a hana Bature zuwa wajen baƙar mace aka yi su ba, wannan sun daɗe suna yi tun zamanin bauta ba wanda ya ce uffan. An yi su ne don a katange Baturiya, kuma kada 'ya'yan baƙar mace su ci gādon Bature. Fim ɗin ya ɗauko kusurwa mafi laushi ta labarin ya ce mana ga tarihi.

Ummi: Ni dai ina bayan Yaya Nafi'u a nan. Kuma akwai abin da ya ba ni haushi. Wa ya tada maganar bayan sun yi shekaru a Washinton? Mildred ce. Ita ta zauna a 1963 ta rubuta wa Robert Kennedy wasiƙa, lokacin yana ministan shari'a, shi kuma ya tura ta wajen ACLU, ƙungiyar kare 'yancin jama'a a kotu. Amma kyamara kullum tana kan fuskar Richard, yana cije baki, yana gyaran mota, yana kallon ƙasa. Kamar ciwon nasa ne ita 'yar rakiya.

Anti Bilki: Ummi 'yata, anya fim ɗaya muka kalla? Ki koma wurin da ɗansu ya fito wasa a titin Washinton mota ta buge shi. Mijin yana dawowa daga aiki ya tarar ta riga ta haɗa kaya. Ba ta nemi shawararsa ba, ta ce gida za mu koma, ko da kamu. Ita ke ɗaukar waya in lauya ya kira, ita ke yarda 'yan jarida su shigo, shi kuma kamar a ce kyat ya ruga. Duk macen da ta taɓa zaman aure da miskilin namiji ta gane abin da ke faruwa a gidan nan. Kuma da aka zo Oscar, ai Ruth Negga da ta fito a Mildred aka sa cikin masu takarar gwarzuwar 'yar wasa, ba Joel Edgerton da ya fito a Richard ba. Af, ga wanda bai sani ba, a Adis Ababa aka haife ta, ubanta ɗan Habasha, uwarta 'yar Ailan. Shi kuma ɗan Ostireliya ne. Duka biyun ba Ba'amurke a ciki.

Barista Aminu: Maganar Malam Nafi'u ta "a juya labarin" tana da nauyi, ba zan yi mata gardamar banza ba. Sai dai tarihin kotun ya fi haka karkacewa. Shari'ar da ta share wa su Loving hanya, McLaughlin da jihar Fulorida a 1964, ta baƙar fata ce namiji da Baturiya, an kama su suna zaune ɗaki ɗaya. Kotun Ƙoli ta soke dokar da aka kama su da ita, amma ta ƙi taɓa maganar aure kanta. Kafin nan kuma akwai shari'ar Naim, a Bajiniyar nan dai: wani ɗan Sin ma'aikacin jirgin ruwa da matarsa Baturiya. Kotun jihar ta raba auren a 1955 bisa dokar 1924. Aka kai Kotun Ƙoli, ta zille, ta ƙi yanke hukunci. Me ya sa? A 1954 ta haramta raba makarantun baƙar fata da na farar fata, jihohin kudu suka ɗauki wuta, kuma babban abin da masu adawa ke tsorata jama'a da shi shi ne yau aji ɗaya, gobe gado ɗaya. Alƙalan suka ga in suka ƙara da aure a lokacin, hukuncin makarantun ma zai iya rushewa. Sai da aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965 sannan suka ga ruwa ya kwanta. Don haka ni abin da nake zargin fim ɗin da shi daban ne: yana iya sa mai kallo ya ɗauka soyayya ce ta ci shari'a. A'a. Masu zanga-zangar da Nafi'u ke kewar gani, su suka sa 1967 ta yiwu.

Nafi'u: To ai ka gama mini aiki, Barista. Abin da nake faɗa ke nan.

Barista Aminu: Ba shi ke nan ba. Kai ka ce ƙarya aka yi, ni na ce an taƙaita. Da bambanci.

Nafi'u: Kwaskwarima na ce, ban ce ƙarya ba. A duba sama.

Baffa Isiyaku: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsoho, jikata ce ke rubuta mini ina faɗa. Ita ta kunna mini fim ɗin, tana fassara mini. Ni shekara arba'in na yi ina gini, kuma abin da na kalla daban ne da naku. Mutumin nan na ga yadda yake ɗebo kwaɓi da cokali, ya shafa, ya ɗora bulo, ya ɗan buga shi da gindin cokalin, ya share abin da ya tsatso ta gefe. Na ce wa yarinyar, wannan ko dai ya taɓa yi ko an koya masa da kyau. Sai kuma wurin da ya kai matar wani fili, tun kafin aure, ya tsaya cikin ciyawa yana nuna mata nan ne kicin, can ne ɗakin kwana, ya ce ya saya. Ku da ba magina ba ba za ku san ciwon ba. Ka yini kana gina wa wasu gida, kai da filinka a ƙauyenku, kusa da uwarka da surukanka, amma hukuma ta ce in ka taka shi da matarka sai kurkuku. Shekara tara fa. Ɗana Nafi'u, ka ce ba ka ga tashin hankali ba. Akwai wurin da ya taso daga aiki ya tarar an ajiye masa bulo a cikin mota, an naɗe shi da shafin mujallar da ta buga hotonsu. Ba wanda ya ce masa komai. Bulo, abin da yake ci da shi. Ya tuƙa motar nan yana kallon madubi har gida. Ni a nan gabana ya faɗi fiye da in an nuna mini ana harbi.

Ummi: Baffa, Allah ya ƙara lafiya. Wurin bulon nan ni ma ya taɓa ni. Mujallar Life ce, mai hoton sunansa Grey Villet, a 1966 aka buga. Hoton da Richard ya ɗora kai a cinyarta suna kallon talabijin suna dariya na gaske ne, a ƙarshen fim an nuna na asalin.

Anti Bilki: Kuma Nafi'u, ka tambayi kanka, me kake so daraktan ya yi? Ya ƙirƙiro musu jawabin da ba su yi ba? Mutanen nan ko zaman Kotun Ƙolin ba su je ba, ranar 10 ga Afrilun 1967. Lauyansu Bernard Cohen ya tambayi Richard ko yana da saƙo ga alƙalai, ya ce a gaya musu yana son matarsa, kuma ba adalci ba ne a hana shi zama da ita a Bajiniya. Iyakar jawabinsa ke nan. Da an sa shi ya hau mumbari yana ɗaga hannu, wannan ce za ta zama kwaskwarimar.

Barista Aminu: Tunda an zo kan kotun, ga abin da na so a ba lokaci. Hujjar Bajiniya ita ce babu wariya, tunda fari da baƙi hukunci ɗaya ake musu in sun yi auren. Tsohuwar hujja ce, Kotun Ƙoli ta taɓa karɓarta a 1883 a wata shari'a daga Alabama. Ranar 12 ga Yunin 1967 alƙalai tara, ba wanda ya saɓa, suka yi watsi da ita. Alƙalin alƙalai Earl Warren ya nuna cewa dokar ba ta damu ba in baƙar fata ya auri ɗan Asiya, auren da Bature ke ciki kawai ta hana, don haka manufarta fifita farar fata ce ba wani tsarki ba. Jihohi 16 hukuncin ya shafa. Kuma a cikin hukuncin Warren ya kawo maganar da Bazile ya rubuta a 1965, lokacin da ya ƙi janye hukuncinsa: wai Allah ya halicci jinsuna ya ajiye kowanne a nahiyarsa, raba su da ya yi kuwa alama ce ba ya son su cakuɗu.

Malam Sani: Ban kalli fim ɗin ba, ba na kuma cikin masu kallo, amma wannan magana ta ƙarshe ta sa dole in ce wani abu. Subhanallahi. Mutum yana zaune a ƙasar da kakanninsa suka tsallako teku suka ƙwace, suka kuma ɗebo mutane daga wata nahiyar cikin sarƙa, sannan ya ce Allah ba ya son a cakuɗu. To wa ya fara cakuɗawar? Mu abin da muka karanta a Suratul Hujurat, aya ta 13, an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna, kuma mafi daraja shi ne mafi taƙawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya aurar da Zainab bint Jahsh, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa.

Mamman Tawa: Malam, Allah ya gafarta, ayar muna da ita, aikin ne da saura. Laifi tudu ne. Nan wajenmu har gobe ana zuwa binciken aure a dawo a ce gidansu maƙera ne, ko kakarsa baiwa ce, a fasa. Kuma mu ma muna da tamu shari'ar. Hadijatou Mani, a yankin Ƙonni. An sayar da ita a 1996 tana 'yar shekara 12 a kan sefa 240,000. Da ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai tsohon ubangijin nata ya kai ƙara wai matarsa ce, kotu ta ɗaure ta da laifin aure kan aure. Sai da ta kai ƙasar Nijar gaba ɗaya gaban kotun CEDEAO, wadda ku kuke cewa ECOWAS, a 2008 ta ci, aka ce a biya ta sefa miliyan 10. Da nake kallon Mildred a ɗakin kurkukun nan, ita na tuna.

Barista Aminu: Kwatancen yana da kyau, Malam Mamman, amma kada mu haɗe su. A Nijar doka ta riga ta haramta bauta tun 2003, kotunan ƙasa ne suka kau da kai suka bi al'ada. A Bajiniya dokar ce da kanta mai laifin.

Nafi'u: Jama'a kada a bar jaki a koma dukan taiki, kan fim muke. Baffa, na ji maganar bulo, kuma na yarda wurin ya yi. Zan ma ƙara muku da ɗaya don kada a ce ba ni da adalci: wurin da abokinsa baƙar fata ya ce masa a mashaya, yanzu ka ɗanɗana abin da muke sha, amma kai kana da mafita, sakinta kawai za ka yi ka koma Baturenka. Wannan ita ce magana mafi gaskiya a fim ɗin, kuma minti nawa aka ba ta? Sannan ƙarshen. An ci shari'a, ana ɗora bulo, kiɗa mai sanyi, kowa ya share hawaye. Alhali binciken Gallup, kamfanin jin ra'ayin jama'a, na 1958 ya nuna kashi 4 cikin 100 ne na Amurkawa suka yarda da irin wannan aure, a 1968 bayan hukuncin ma kashi 20 ne kawai. Alabama ba ta cire haramcin daga tsarin mulkinta ba sai a 2000, kuma da aka kaɗa ƙuri'a kusan kashi 40 cikin 100 suka ce a bar shi. Wanda ya kalli fim ɗin nan kaɗai zai ɗauka a 1967 aka rufe littafi.

Anti Bilki: Kuma Gallup ɗin dai a 2021 ta samu kashi 94. Ka faɗi wannan ma mana, ƙanena, kada ka karanta rabin shafi.

Nafi'u: Faɗa wa mai tambaya a waya daban, Anti, ba da 'yarka daban.

Ummi: Wannan kam gaskiya ne, ko a nan. Amma Yaya, ƙarshen ba daɗi zalla ba ne kamar yadda ka ce. Rubutun da ya fito bayan an gama ya faɗi cewa wani mashayi ya buge motarsu ya kashe Richard. A 1975 ne, shekara takwas bayan hukuncin. A hatsarin ita ma ta rasa ido ɗaya. Ba ta sake aure ba har ta rasu a 2008. Ni na ɗan sassauto daga inda na fara, kan maganar Mildred dai. Kan maganar cewa an zaɓi labari mai laushi kuwa, har yanzu ina nan tare da kai.

Baffa Isiyaku: Yarinya, tambayar mini su, gidan nan da aka nuna yana ja wa igiya a ƙarshe, ya samu ya gama shi kafin ya rasu?

Barista Aminu: Ya gama, Baffa. Gidan bulo ne, a Central Point ɗin. A cikinsa ta zauna har ƙarshen ranta.

Baffa Isiyaku: To madalla. Ku ci gaba, ni zan je masallaci.

Nafi'u: A sa mu a addu'a, Baffa. Anti, zan sake kallonsa ranar Asabar, amma in na dawo da ra'ayina kada ki ce ban faɗa ba.